Hernán Crespo: koci ne na gaske ko sa'a ce ke binsa?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan gida. Jiya a teburin mai shayi saura ƙiris a ba hammata iska a kan Hernán Crespo, shi ne na ce bari in kawo maganar inda manya suke. Wani ne ya ce a cikin 'yan wasan gaban Ajantina na zamaninsa da suka koma horarwa babu kamarsa. Ni kuma na ce sa'a ce kawai. Ku duba mana. Modena sun sallame shi a 2016 tun kaka ba ta ƙare ba. Banfield bai cika shekara ba. Zuwansa São Paulo na farko wata takwas ya yi. Al Ain ta Daular Larabawa ma da ya ci musu kofin Zakarun Asiya, watanni kaɗan bayan nan suka ce ya tattara komatsansa. Mutumin da ba a taɓa ganin ya cika shekara biyu a kulob ɗaya ba, da wane baki za a kira shi babban koci?

Kawu Na Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin ku kai ga horarwa ku fara sanin wanda kuke magana a kansa. Ni ranar 3 ga Agustan 1996 na san Crespo, kuma sanin bai yi mini daɗi ba. Wasan ƙarshe na Olamfik, mu Najeriya da Ajantina. Maƙwabcinmu ya fito da talabijin ƙofar gida ya ɗora a kan benci, muka baje tabarmi, yara a gaba manya a baya. Ko zama ban gyara ba Claudio López ya sa mana ɗaya da ka, minti 3 da farawa. Babayaro ya rama ya yi wannan alkafura tasa, unguwa ta ɗauka, don yaron namu ne na Kaduna, haka Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal. Ana dawowa daga hutun rabin lokaci Ortega ya shiga da'ira ya zube kamar buhun gero, wai Taribo ya taɓa shi, Collina ya nuna fenareti. Sai wani yaro ɗan shekara 21 ya ɗauki ƙwallon ya ajiye, ya jefa ta raga ba ko ɗar. Shi ne Crespo. Wallahi wajen ya yi tsit, ƙarar sauro kawai kake ji. Allah ya taimake mu Amokachi ya ɗaga ta saman gola, sannan Amunike ya ƙarasa a minti na ƙarshe, 3-2. Amma yaron ya tashi da ƙwallaye 6 a gasar, babu wanda ya fi shi, Bebeto ne kawai ya yi daidai da shi.

Ɗan Fagge:
Allah ya ƙara girma Kawu. Ai ban ce bai iya ƙwallo ba. Iya bugawa daban, iya koyarwa daban.

Blues Har Abada:
Ni ko a bugawar ma ina da ja. Fam miliyan 16.8 Abramovich ya zuba aka kawo shi Chelsea a 2003, me ya yi? Yau cinya gobe gwiwa. Mourinho na zuwa ya sayo Drogba ya tura shi aro Milan. Da gwani ne da ba a ba da shi aro ba.

Malamin Lissafi:
Blues, ka yi hattara da alƙaluma. Wasa 49 ya buga wa Chelsea a Firimiya cikin kaka biyu, ya ci 20. Ɗan wasan da sau da yawa daga benci yake tasowa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma wa ya cece ku a wasan farko na kakar 2005-06 a gidan Wigan, ƙungiyar da ta hauro a shekarar, ta hana ku sakat har minti 90? Shi ne ya ɗirka ta da ƙafar hagu daga wajen da'ira. Kun ɗauki kofin kakar da shi a ciki. Matsalarsa da Landan ba ta fili ba ce, hankalinsa na Italiya, can ya yi suna, can iyalinsa suka saba.

Blues Har Abada:
To na ji, ta Wigan na tuna ta. Amma Drogba ya fi shi.

Malamin Lissafi:
Babu wanda ya kawo zancen Drogba sai kai.

Rossoneri Na Zinder:
Ni ku bar ni da Santambul, wasan ƙarshe na Zakarun Turai tsakanin Milan da Liverpool. Shekara ashirin ke nan abin bai bar ni ba. Daren 25 ga Mayun 2005, muna gidan kallo, zafi kamar a gasa mutum, janareto na ta ƙugi a bayanmu. Maldini ya ci tun ba a cika minti ɗaya ba. Minti 39 Shevchenko ya miƙo wa Crespo ya tura ta ciki. Amma ta biyun ita ce ƙwallon. Kaká ya juya ya bar Gerrard a tsaye, ya zaro fasin tun daga tsakiyar fili, ƙwallon ta ratsa 'yan bayan Liverpool kamar zare cikin allura, Carragher ya miƙe ƙafa bai same ta ba. Crespo bai tsayar da ita ba, bai kalli ƙasa ba, taɓawa ɗaya ya yi ta tsallake Dudek. Na tashi na cire riga ina juyi, na saya wa mutum shida lemo a hutun rabin lokaci, har da wani ɗan Liverpool don in ƙara masa haushi. Bayan an dawo, cikin minti shida kacal Gerrard, Smicer da Alonso suka rama duka ukun. Wanda na saya wa lemon ya zo ya ajiye mini kwalbar a gabana bai ce komai ba. Ancelotti ya cire Crespo kusan ƙarshen minti 90 ya sa Tomasson, yana benci ya kalli Dudek yana rawa a kan layi a bugun fenareti, Liverpool ta ɗauki kofin. Mutum ya ci biyu a wasan ƙarshe na Zakarun Turai, a ce yau ba a tuna shi sai a labarin wasu.

Kuma kafin nan shi ya fitar da Manchester United shi kaɗai, 1-0 a Old Trafford da Carroll ya yi aman ƙwallon Seedorf, 1-0 a San Siro da ka daga kurosin Cafu.

Uwar Biyu Inter:
Sannu Rossoneri, Allah ya ba da haƙuri, mu dai daren nan barci mai daɗi muka yi. Amma ku lura da wani abu game da mutumin nan, ni shi ya fi ba ni tausayi. Kullum ko ya zo an gama rabo, ko ya tafi ana gab da farawa. Lazio ta ci Serie A a 2000, sai bayan nan ya iso. Ya bar Milan, suka ɗauki kofin Turai a 2007. Mu a Inter ya ci Serie A uku a jere da mu, 2007, 2008, 2009, ya tafi Genoa, Milito ya zo daga Genoa ɗin, shekara na zagayowa muka kwashe kofi uku har da na Turai. Ko tarihin tsadar da ya kafa, da Lazio ta saye shi daga Parma a kan kusan fam miliyan 35 har da Almeyda da Sérgio Conceição a cikin cinikin, ko wata guda bai yi ba Real Madrid ta ɗauke Figo ta shafe shi. Ɗan Fagge, wannan ne mutumin da kake cewa sa'a na binsa?

Ɗan Fagge:
Hajiya kin ɗaure ni ta nan. Amma ai sa'ar sai da ya rataye takalmi ta zo.

Kawu Na Tudun Wada:
Ku ƙara da Bielsa, kocin Ajantina na lokacin, a cikin masu alhakinsa. A 2000-01 yaron nan ya ci 26 a Serie A, ya fi kowa, lokacin da masu tsaron bayan Italiya ba sa wasa da mutum. A wasannin share fagen kofin duniya na 2002 shi ya riƙa ci wa Ajantina. Aka zo Japan, Bielsa ya kafe shi lamba tara ɗaya yake bugawa, ko Batistuta ko Crespo, ba za su haɗu a fili ba. Wasanmu da su Batistuta ya ci mu da ka daga kwana, sai can ƙarshe aka cire shi aka sa Crespo. Da Siwidin ma haka, suna neman ci ido rufe, maimakon ya haɗa su biyu sai ya cire wannan ya sa wancan. Crespo ya shigo ya rama musu bayan gola ya tare fenaretin Ortega, 1-1, amma bakin alƙalami ya bushe, suka koma gida tun a rukuni.

Malamin Lissafi:
Duk da haka ya tashi da ƙwallo 35 a wasa 64 da ƙasarsa. A kofin duniya na 2006 ya ci Kwaddibuwa, ya ci Sabiya da Montenegro, ya ci Meziko, kuma shi ya mayar wa Cambiasso da dunduniya a wannan ƙwallon da aka yi ta taɓa-taɓa fiye da sau ashirin. A Serie A 153. A Parma har yau babu wanda ya kai shi ci, 94.

Admin:
Jama'a tambayar Ɗan Fagge a kan horarwa take. An ji tarihin ƙwallaye. A dawo kan hanya.

Malamin Lissafi:
To ranka ya daɗe, ga horarwa. Ɗan Fagge ya lissafo inda aka kore shi, ya tsallake inda ya yi aikin da ya fi kowanne. Defensa y Justicia. Ƙaramin kulob ne a Florencio Varela, gefen Buenos Aires, sai a 2014 suka fara hawa babban rukuni, ba su taɓa ɗaukar wani babban kofi ba. Ya karɓe su a Janairun 2020, annoba ta zo ta tsayar da komai. Suka ƙare na uku a rukuninsu na Libertadores, wato gasar zakarun Kudancin Amurka, aka gangaro da su gasar da ke ƙasa da ita, Sudamericana, suka bi ta kan Vasco da Gama da Bahia na Birazil, suka je wasan ƙarshe a Córdoba ranar 23 ga Janairun 2021 suka yi wa Lanús 3-0, fili ba 'yan kallo. Abu biyu nake so ka duba. Braian Romero ɗan gefe ne da ba a damu da shi ba, Crespo ya mayar da shi tsakiya lamba tara, ya tashi da ƙwallo 10 a gasar. Na biyu, akwai wani yaro da River Plate ta ba su aro don ba shi da gurbi a can, Crespo ya ba shi tsakiyar fili. Sunansa Enzo Fernández. Ƙasa da shekara biyu bayan nan ya ɗaga kofin duniya a Katar. Blues, kai ma ka san shi ai, kun biya fiye da fam miliyan 100 a kansa.

Ɗan Fagge:
Malam, ba a nan gizo ke saƙar ba. Wa ya gina Defensa? Ariel Holan ya fara, Beccacece ya kai su na biyu a gasar Ajantina a 2019. Crespo tuwo ya tarar an tuƙa, ya zo ya kwashe. Shaida kuwa, yana tafiya Beccacece ya dawo ya doke Palmeiras ya ɗauki Recopa, kofin da zakaran Libertadores da na Sudamericana ke karawa a kansa, da yaran. Ka ga kulob ɗin ne ke da tsari.

Malamin Lissafi:
Idan tuwon a tuƙe yake, me ya hana waɗanda suka tuƙa su kwashe kafin ya zo? Kuma Recopa ɗin, wa ya ba su tikitin bugawa?

Uwar Biyu Inter:
São Paulo fa? Tun 2012 rabonsu da kowane irin kofi, na jiharsu kuwa tun 2005. Ya zo a Fabrairun 2021, a Mayu ya doke Palmeiras masu riƙe da Libertadores ya ba su Paulista, kofin jihar.

Ɗan Fagge:
Sannan me ya biyo baya? Ya ƙona yaran a kofin jiha, aka shiga babbar gasar ƙasa ƙafafu sun mutu, suka riƙa rarrafe a ƙasan tebur. Palmeiras ɗin ta dawo ta yi musu 3-0 ta fitar da su daga Libertadores. Oktoba aka raba gari, aka kawo Rogério Ceni. Abin da nake faɗa ke nan tun farko. Mutumin ya iya kunna wuta, bai iya riƙe ta ba. Ba shi wasa shida na sili ɗaya ƙwale, zai ba ka mamaki. Ba shi wasa 38, sai ka neme shi ka rasa.

Baƙon Doha:
Salamu alaikum, ina ta karantawa daga wajen aiki, yanzu na samu sarari. Ɗan Fagge, maganarka ta wasa 38 ba ta zauna ba, don a nan ya ci lig da Al-Duhail a kakar 2022-23, ya haɗa da kofuna biyu na cikin gida. Na san za ka ce Katar ce, amma Al Sadd na nan da kuɗinta da 'yan wasan ƙasa, ba kyauta ake ba da shi ba.

Sai dai ni abin da na gani da idona ba na yabo ba ne. Fabrairun 2023, wasan kusa da na ƙarshe na Zakarun Asiya, Al-Duhail da Al Hilal a filin Al Thumama, wanda aka gina kamar farar hular saƙa irin wadda alhazai ke tsaraba da ita. Mu huɗu muka je daga masaukinmu, ni da wani ɗan Kumasi da 'yan Kenya biyu da suka zo don ɗan ƙasarsu Olunga na Al-Duhail. Kafin mu gama neman kujerunmu Ighalo ya ci. Kafin rabin lokaci 5-0. Crespo ya tura 'yan bayansa har tsakiyar fili, duk ƙwallon da aka jefa bayansu sai ka ga Marega ko Ighalo shi da gola. Aka tashi 7-0, Ighalo shi kaɗai 4. 'Yan Kenyan nan tun ana 4-0 suka daina yi mini magana, don na kasa ɓoye murnata, ɗan gida na cin ƙwallo ina zan iya. Ina hango Crespo a bakin layi, hannu cikin aljihu, ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ni a ranar na ce wannan bai san tsaron gida ba sam.

Kawu Na Tudun Wada:
Ka san wa ke bencin Al Hilal a ranar? Ramón Díaz. Shi ne kocin River Plate a 1996 lokacin da Crespo ya ci América de Cali biyu a wasan ƙarshe ya ba shi Libertadores. Yaron da ya ɗaga ka sama, kai kuma ka yi masa bakwai. Duniya ke nan. Kuma ka ga Najeriya ba ta bar shi ba, Amunike a 1996, Ighalo a 2023.

Rossoneri Na Zinder:
Amma ai ya rama, Kawu, kuma ramuwar ta fi ta gayya zafi. Baƙon Doha, kai da ka ce bai san tsaro ba, ka kalli Al Ain a 2024? Ya karɓe su a Nuwamban 2023. Ba irin wasan Duhail ya yi ba. Ya ja yaransa baya, ya bar wa abokan hamayya ƙwallo, ya ajiye Soufiane Rahimi ɗan Maroko a gaba yana jiran a ƙwato a jefa masa. Da haka ya fitar da Al Nassr ta Ronaldo da Mané a bugun fenareti. Sai Al Hilal, wadda ta ci wasa 34 a jere ba ko canjaras, ya yi musu 4-2 a gida, Rahimi ya ci uku, suka je Riyad aka ci su 2-1 suka wuce. Wanda aka yi wa bakwai ya zo ya canza salo ya fitar da kulob ɗin da ya yi masa, wannan ba sa'a ba ce, karatu ya ɗauka.

Wasan ƙarshen kuma ni kaina sai da na yi ƙwalla. Kocin Yokohama Marinos Harry Kewell ne, wanda ya fara wa Liverpool wasan Santambul ya fita da rauni. An ci Al Ain 2-1 a Japan, suka dawo gida suka yi 5-1, Rahimi biyu, Kodjo Laba ɗan Togo biyu. Ku duba kwanan watan: 25 ga Mayun 2024. Shekara 19 cif, rana ɗaya. Tun 2003 zamanin Bruno Metsu rabon Al Ain da kofin nan.

Baƙon Doha:
Na kalla, kuma na yarda ya canza. Amma ka ƙarasa labarin. Sabuwar kaka na farawa suka koma gidan jiya. Al Ahly ta yi musu 3-0 a Alƙahira, Al Hilal ta ci su 5-4, Al Nassr ta yi musu 5-1, aka sallame shi a Nuwamba. Raga kamar kwando.

Ɗan Fagge:
Yauwa! Allah ya yi maka albarka. Ga shi nan dai, wata shida na daɗi, wata shida na kuka, ko'ina.

Uwar Biyu Inter:
To ai sai ka gyara maganarka. Da ka ce sa'a ce. Sa'a ba ta zuwa sau huɗu a ƙasa huɗu, Ajantina, Birazil, Katar, Daular Larabawa. Ka ce bai iya daɗewa ba, wannan sai mu tattauna. Kuma ko a nan, ka nuna mini kocin da ake bari ya daɗe a Birazil ko ƙasashen Larabawa. Can wasa huɗu za ka rasa a nuna maka ƙofa. São Paulo da suka rabu da shi, su da kansu suka koma suka ɗauko shi a Yunin 2025. Wa ya gada? Zubeldía, kocin Lanús ɗin da ya yi wa 3-0 a Córdoba.

Ɗan Fagge:
Na janye kalmar sa'a, Hajiya, don girmanki. Amma babban koci ban ba shi ba. Ranar da ya riƙe kulob a Turai ya yi kaka biyu cikakku, ku kira ni. Italiya da ya ci ƙwallo 153 a cikinta, in ban da matasan Parma da Modena a rukuni na biyu, wa ya ba shi aiki? Su da suka fi kowa saninsa.

Blues Har Abada:
Ni dai tunda shi ya fito da Enzo, a mayar masa da shi a ba mu kuɗinmu.

Rossoneri Na Zinder:
Kawu, tunda an sasanta, bari in taɓo ka kaɗan. Mu nan da muka kalli wasan 1996 ba da idon 'yan Najeriya ba, ƙwallon Amunike akwai ƙanshin satar gida. Da Collina ya busa, da Crespo na da zinare a wuya.

Kawu Na Tudun Wada:
Kai yaro, kiyaye ni. Oruma na buga firikik suka ruga gaba gaba ɗaya don su yi tarko, Sensini ya makara, shi ya rufe Amunike. Na gani da idona a kan tabarma, na sake gani sau ba adadi. In satar gida kake nema, je ka tambayi Ortega wa ya taɓa shi. Jikana zai turo maka bidiyon anjima, ka tsayar da shi daidai lokacin da ƙafar Oruma ta taɓa ƙwallo, ka ƙirga riguna.